Gayyataccen Mai Bincike a Wasannin Kwaikwayon Talabijin na Aikata Laifi: Tsakanin Sani da Hujja

1.0 GABATARWA

Daga cikin nau'o'in wasan kwaikwayon da gidajen talabijin na Ingila da Amurka suka fi yawaita shiryawa, akwai wanda jigonsa shi ne aikata babban laifi, musamman kisan kai, da yadda ake bin diddigi har a kai ga wanda ya aikata. Wannan nau'i ya kasu gida biyu. A gida na farko 'yan sanda ne da kansu suke ɗauke da nauyin bincike, kamar yadda ake gani a Dragnet, wanda ya fara fitowa a talabijin a 1951, da Law & Order, wanda aka fara a 1990. A gida na biyu kuwa nauyin yana wuyan wani mutum ne da ba ya sa kaki, bai yi rantsuwar kama aiki ba, ba ya kuma cikin jerin masu karɓar umarni, amma duk lokacin da al'amari ya cije wa hukuma sai ta aika a kira shi. Wannan mutum shi ne abin nazarin wannan maƙala.

Manufar maƙalar ita ce ta duba aikin da wannan tauraro yake yi a cikin zubin wasa da kuma harshensa, sannan ta auna ribar da wasa yake ci da hasarar da yake yi ta dalilinsa. Ra'ayin da za a kare shi ne, tauraron yana raba abubuwa biyu waɗanda shari'a ta ɗaure wuri guda, wato sanin mai laifi da tabbatar da laifi. Marubuci yakan ba shi na farko kyauta, sannan ya nemi dabarar tsallake na biyu. Saboda haka ingancin kowane wasa na wannan gida ya rataya ne a kan ko marubucinsa ya san da wannan giɓi, da kuma yadda ya yi da shi.

2.0 MA'ANA DA ASALI

A Turanci sunan wannan tauraro shi ne consulting detective, kuma kafin a ci gaba ya kamata a daidaita yadda za a kira shi da Hausa. Idan aka ce "ɗan sandan ciki" an yi kuskure, domin ɗan sandan ciki ma'aikacin hukuma ne da ya tuɓe kaki kawai. "Ɗan leƙen asiri" kuma sirrin ƙasa ne aikinsa. "Mai bincike mai zaman kansa" ya fi kusa, sai dai shi wannan mutane ne suke ɗaukarsa haya don buƙatun kansu, kamar Mma Ramotswe ta ƙasar Botswana a cikin The No. 1 Ladies' Detective Agency. A wannan maƙala an zaɓi "gayyataccen mai bincike", bisa la'akari da ma'anar gayya a wurin Bahaushe. Ɗan gayya yakan zo gonar wani ya yi noma iyakar ƙarfinsa, ya ci, ya sha yabo, ya koma gida. Idan damina ta yi kyau an gode masa. Idan ta ƙi, mai gona ne zai kwana da yunwa. Kamar yadda za a gani a gaba, wannan shi ne ainihin matsayin tauraron da ake magana a kansa.

Tushen tauraron yana cikin rubutaccen adabi. A 1841 Edgar Allan Poe ya fito da Auguste Dupin, wani mutumin Paris wanda shugaban 'yan sandan birnin yakan je neman haske a wurinsa. Amma wanda ya raɗa wa sana'ar suna shi ne Arthur Conan Doyle, a littafin A Study in Scarlet na 1887, inda Sherlock Holmes ya fara bayyana. Daga nan zuwa 1927 Doyle ya rubuta littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa, kuma ya bayyana cewa ya kwaikwayi halin lura ne daga malaminsa na aikin likita a Edinburgh, Joseph Bell.

Yana da muhimmanci a tuna da halin da 'yan sandan Landan suke ciki a wancan zamani. Sai a 1842 aka buɗe musu sashen bincike, da mutum 8 kacal. A 1877 aka gurfanar da wasu manyan jami'an sashen a kan cin hanci, abin da ya sa aka sake masa tsari a 1878. A 1888 aka yi kashe-kashen unguwar Whitechapel waɗanda har yau ba a tabbatar da wanda ya yi su ba. Ofishin adana zanen yatsu bai samu ba sai 1901, ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda na Edmond Locard a birnin Lyon na Faransa kuwa sai 1910. Ke nan a zamanin Doyle ba abin mamaki ba ne a ce wani mutum da yake gwajin sinadarai a ɗakinsa ya fi hukuma sanin tabon jini da tokar taba. Holmes ya cike gurbi ne da yake akwai shi da gaske.

3.0 DAGA LITTAFI ZUWA TALABIJIN

Talabijin ya karɓi wannan tauraro ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce mayar da tsofaffin labarai wasa tare da barinsu a zamaninsu. Misali shi ne jerin wasannin Holmes 41 da kamfanin Granada ya shirya daga 1984 zuwa 1994, inda Jeremy Brett ya fito a matsayin Holmes, da kuma wasannin Poirot 70 na labaran Agatha Christie, waɗanda David Suchet ya jagoranta daga 1989 zuwa 2013. A irin waɗannan babu wata matsala ta dacewa, tunda har yanzu ana cikin duniyar keken doki ko ta farkon zuwan tarho.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko tauraron a dasa shi a wannan zamani, kuma a nan ne matsala ta taso. Ilimin da Holmes yake taƙama da shi ya riga ya shige cikin ofishin 'yan sanda. Wasan CSI, wanda aka fara a 2000, ya nuna wa masu kallo cewa hukuma tana da na'urorin da babu wani mutum ɗaya da zai tara su a gidansa. To, da wane dalili za a sake gayyatar baƙo? Amsar da marubuta suka bayar ita ce su ɗauke fifikon daga ilimin da ake koyo a makaranta su mayar da shi wata baiwa da take jikin mutum. A Monk, daga 2002 zuwa 2009, baiwar ita ce lalurar waswasi da take hana Adrian Monk ƙyale duk abin da bai zauna daidai ba. A Numb3rs lissafi ne. A Lie to Me karanta motsin fuska ne. A The Mentalist, daga 2008 zuwa 2015, Patrick Jane tsohon mai duba ne na ƙarya wanda ya ƙware wajen karantar mutane. A Castle tauraron marubucin labarai ne da ya samu shiga ta hanyar abota da magajin gari. Sai Sherlock na BBC daga 2010 zuwa 2017, da Elementary na Amurka daga 2012 zuwa 2019, waɗanda suka maido da Holmes kansa cikin zamanin wayar hannu. Salon bai tsufa ba, domin a 2021 Faransa ta fito da HPI, inda mai sharar ofishin 'yan sanda ce take da baiwar, kuma Amurka ta sake shirya shi da sunan High Potential a 2024.

Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Ilimi abu ne da wani zai iya koya, ya gwada, ya ƙaryata. Baiwa kuwa sai dai a yarda da ita ko a ƙi.

4.0 AIKINSA A CIKIN ZUBIN WASA

4.1 Mai fassara shiru

Tzvetan Todorov, a nazarinsa na 1966, ya nuna cewa labarin bincike labari biyu ne a haɗe: labarin laifi, wanda ya riga ya wuce kafin a buɗe fage, da labarin bincike, wanda aikinsa shi ne tono na farko. Wahalar da mai shirya wasan talabijin yake fuskanta ita ce, bincike na haƙiƙa aiki ne mai cin rai: buga ƙofofi, cike takardu, jiran sakamakon gwaji na makonni. Ga shi kuma minti arba'in da 'yan kai ne kawai a hannunsa, idan aka cire tallace-tallace. Gayyataccen mai bincike shi ne gajeriyar hanya. Da kallo ɗaya yakan yi aikin da mutum goma za su yi a wata guda, kuma tunda tunani ba ya fitowa a hoto, sai a ajiye masa abokin tafiya da zai riƙa tambaya a madadin mai kallo. Aikin Watson ke nan a wurin Holmes, da Hastings a wurin Poirot, da Sharona, daga baya Natalie, a wurin Monk. Matsayinsu ya yi kama da na 'yan amshi: ba su ne da waƙa ba, amma in babu su waƙar ba ta tashi.

4.2 Hukuma a matsayin ma'auni

Ba a gane tsawon mutum sai an tsayar da gajere kusa da shi. Don haka dole ɗan sandan da ya yi gayyar ya zama mai gaskiya amma mai jinkirin fahimta, kamar Lestrade da Japp da Stottlemeyer. A kusan kowane kashi shi ne yake fara kama wanda bai ji ba bai gani ba, kuma shi ne yake tunatar da tauraro cewa ana buƙatar takardar izini kafin a shiga gidan mutum. Abin lura shi ne, bakin da yake faɗin kuskure shi ne kuma bakin da yake faɗin doka. Idan mai kallo ya ga haka sau ɗari, ba sai an gaya masa ba zai ɗauka cewa bin ƙa'ida da rashin basira 'yan uwan juna ne.

4.3 Rauni a matsayin lasisi

Kusan duk waɗannan taurari suna ɗauke da wani miki. An kashe matar Monk da bam a mota. Wani makashi da ake kira Red John ya kashe matar Jane da 'yarsa. Holmes na Elementary ya fito ne daga gidan jinyar masu shan ƙwaya, kuma Joan Watson ta fara zuwa wurinsa ne a matsayin mai kula da kada ya koma ruwa. Wannan miki yana jawo tausayi, yana ba wasa dogon zaren da zai riƙe masu kallo shekara da shekaru. Amma yana da aiki na uku, wato neman uzuri. Mutumin da aka zalunta haka, idan ya yi wa shaida ƙarya ko ya fasa ƙofar wani, mai kallo ba ya ganin laifinsa.

5.0 HARSHEN TABBACI

Ga mai nazarin harshe, wuri mafi armashi a waɗannan wasanni shi ne yadda tauraro yake furta abin da ya gano. A duba haɗuwar farko ta Holmes da Watson a littafin 1887. Holmes ya lura da cewa mutumin likita ne mai tsayuwar soja, fuskarsa ta yi duhu amma wuyan hannunsa fari ne, ya rame, hannunsa na hagu kuma a sanƙare yake. Daga nan ya yanke cewa daga Afganistan yake. Holmes yana kiran wannan hanya da sunan hukuncin da ba makawa, irin na lissafi. Amma masana, musamman a littafin The Sign of Three wanda Umberto Eco da Thomas Sebeok suka tace a 1983, sun nuna cewa abin da yake yi shi ne wanda Charles Sanders Peirce ya bayyana: a ga alama, a zaɓi bayanin da ya fi dacewa da ita. A Hausa kirdado ke nan, ko da yake kirdado ne mai dalili. Ai a 1879 sojojin Ingila sun yi yaƙi a ƙasar Zulu ma, can ma akwai rana, akwai rauni. Holmes ya dace ne domin marubucin da ya ajiye alamun shi ne kuma ya ajiye amsar.

Hausa tana da kalmomin da mai magana yake auna nauyin zancensa da su. A gefe guda akwai "wataƙila" da "mai yiwuwa" da "da alama" da "ina jin". A ɗaya gefen akwai "lalle" da "tabbas" da "haƙiƙa". Mai binciken da ya san iyakarsa cewa zai yi, "Da alama sun shiga ta taga." Duk wanda ya gwada mayar da jawabin ƙarshe na Poirot ko na Monk zuwa Hausa zai tarar ba shi da inda zai sa waɗannan kalmomi na farko. Abin da zai fito masa shi ne jerin jimloli cikin shuɗaɗɗen lokaci na biyu: suka shiga ta taga, suka kashe fitila, sai suka jira shi a bayan ƙofa. Wannan kuwa siga ce ta mai ba da labarin abin da ya tabbata, irin ta wanda aka yi abu a gabansa. Wato nahawun jawabin yana ɗaga kirdado ya ɗora shi a kujerar shaidar gani da ido.

Talabijin ya ƙara wa wannan dabara ƙarfin da littafi ba shi da shi. A Monk, yayin da tauraro yake warware yadda aka yi, sai a nuna abin a hoto baƙi da fari. A Sherlock kalmomi ne suke fitowa a fuskar akwati, a kan rigar mutum ko zobensa, kamar dai alamar ce take faɗin ma'anarta da kanta. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Mai karatu yana iya tsayawa ya yi gardama da Holmes na littafi, amma mai kallo ba ya gardama da abin da kyamara ta nuna masa, alhali abin da aka nuna ɗin zato ne aka sa masa tufafin aukuwa. A kashin farko na Sherlock an ɗan taɓa wannan batu, inda Holmes ya duba wayar Watson ya ce ta ɗan'uwansa ce mashayi, sai ta kasance 'yar'uwa ce. Sai dai kuskure ne na ado, wanda bai cuci kowa ba.

Carlo Ginzburg, a wata maƙala ta 1979, ya danganta wannan hanyar sani da fasahar maharba ta karanta sawu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san masu bin sawun dabbobin da aka sace, ya kuma san labaran firasar Alƙali Iyas na Basra. Bambancin shi ne, maganar mai bin sawu tana da wurin gwaji: ko a tarar da shanu a ƙarshen sawu ko kada a tarar. Tauraron talabijin ya fi kusa da mai duba, wanda ƙarfinsa yake cikin yadda yake faɗin abu ba tare da ƙifta ido ba. Ba banza ba ne Jane ya kasance tsohon mai duba, tauraron Psych kuma yake fakewa da duba don 'yan sanda su saurare shi. Waɗannan wasanni biyu sun tona asirin gidan duka, ko da gangan ko ba da gangan ba.

6.0 IƘIRARI DA KAUCE WA KOTU

Tunda kirdado ba ya tsayawa a gaban alƙali, kuma abin da aka samo ta hanyar fasa gida lauya zai nemi a yi watsi da shi, marubuci yana buƙatar mafita. Mafitar ita ce iƙirari. Poirot yakan tara kowa a falo ya yi ta zagaye har mai laifi ya fashe da magana. Jane yakan haɗa tarko. A Murder, She Wrote, mai kashi 264, da wuya a rufe kashi ba tare da mai laifi ya amsa da bakinsa ba. Da zarar ya amsa sai a sa kiɗan rufewa. Ba a kai mai kallo kotu, inda za a tambayi tauraro a ƙarƙashin rantsuwa yadda ya san abin da ya sani. A lokacin da Sherlock ya kai tauraronsa gaban alƙali, a shari'ar Moriarty ta kashin 2012, ƙarewa aka yi da tsare shi saboda raina kotu, kuma an shirya fagen ne don a yi dariya.

Daga tsallake kotu zuwa zama kotu taki ɗaya ne. A labarin Abbey Grange, wanda Granada ta mayar wasa a 1986, Holmes ya naɗa kansa alƙali, ya naɗa Watson mai taya shi hukunci, suka sallami wanda ya yi kisa. Jane ya harbe wani mutum a kasuwa a 2011 bisa zaton shi ne Red John, aka wanke shi a kotu, daga baya ta bayyana ba shi ba ne. A 2013 ya kashe na gaskiyar da hannunsa, sakamakonsa kuma shi ne hukumar FBI ta ɗauke shi aiki. Holmes na BBC ya harbe Magnussen a 2014, a 2017 aka nuna manyan gwamnati sun gyara hoton bidiyon don a wanke shi. Ɗan gayya ya ƙone gona, an kuma ba shi goron sallama.

Haɗarin wannan darasi a fili yake. Iƙirari ba shi ne ƙarshen magana ba a duniyar gaske. Ƙididdigar ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta nuna cewa a cikin fursunonin da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu shari'arsu ta ƙunshi iƙirarin ƙarya. Dokokin da wasa yake nunawa a matsayin tarnaƙi, kamar hukuncin Miranda na 1966 a Amurka da dokar 1984 da ta tsara yadda 'yan sandan Ingila za su yi wa mutum tambayoyi, an kafa su ne bayan an ga abin da yake faruwa idan mai bincike ya riga ya gamsu da zatonsa.

7.0 WASANNIN DA SUKA TUHUMI TAURARONSU

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasan da ya fi kowane fuskantar wannan matsala, a ganin mai wannan maƙala, shi ne Cracker, wanda Jimmy McGovern ya ƙirƙiro, aka fara nuna shi a 1993. Tauraronsa Fitz, wanda Robbie Coltrane ya fito a matsayinsa, masanin halayyar ɗan'adam ne da 'yan sandan Manchester suke gayyata, ga shi mashayi, ɗan caca. A labarin One Day a Lemming Will Fly an tsinci gawar wani yaro ɗan makaranta, zargi ya faɗa kan malaminsa. Fitz ya yi amfani da duk gwanintarsa ya matsa wa malamin har ya amsa laifi. Bayan an sanar da jama'a, sai malamin ya gaya masa cewa ba shi ya yi ba, nauyin zuciya ne ya sa ya amsa. Fitz ya koma wurin shugaban masu binciken, shi kuwa ya ƙi janye tuhuma. Haka labarin ya ƙare, makashin yana waje. A nan an yi amfani da duk kayan aikin da aka saba, wato baiwa da kaifin harshe da iƙirari, aka juya su suka zama abin tsoro. Mai kallo da ya yi ta jin daɗin yadda Fitz yake murƙushe malamin sai ya tarar shi ma yana da hannu.

Elementary ma ya yi irin wannan yunƙuri a kashin Tremors na 2013, inda wani mutum da binciken Holmes ya jawo wa hasarar aiki ya harbi ɗan sanda Marcus Bell, aka kuma zaunar da Holmes gaban mai shari'a yana amsa tambayoyi a kan hanyoyin aikinsa. Sai dai buƙatar ci gaban shiri ta rinjayi gaskiyar labari, domin a ƙarshe an bar shi a bakin aikinsa. Duk da haka raunin Bell da fushinsa sun ɗauki kashi da dama kafin su warke, wanda ya nuna marubutan sun san akwai bashi.

Abin da ya ƙara wa labarin Cracker nauyi shi ne abin da yake faruwa a Landan a daidai lokacin da aka nuna shi. A Yulin 1992 an kashe wata mata a filin Wimbledon Common. 'Yan sanda suka nemi taimakon wani masanin halayyar ɗan'adam, ya zana musu siffar irin mutumin da zai aikata haka. Suka ga wani mazaunin unguwar ya dace da siffar, suka sa wata 'yar sanda ta yi shigar burtu tana yi masa wasiƙu don ta jawo shi ya amsa. Bai amsa ba, amma aka tuhume shi, ya yi wata 13 a tsare, har a Satumbar 1994 alƙali ya yi watsi da hujjar. A Nuwambar 1993, yana tsare, ainihin makashin ya kashe wata mata da 'yarta. Sai a 2008, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, ya amsa kisan farko, aka kuma biya wanda aka zalunta diyyar fam 706,000. Aikin da ya warware al'amarin shi ne irin wanda wasa yake ganin ya cika cin rai: adana samfuri, da sake gwaji, da haƙurin shekara 16.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa gayyataccen mai bincike ya samo asali ne a lokacin da hukuma take da gurbin ilimi na gaske, kuma da gurbin ya cike sai talabijin ya mayar da fifikonsa baiwa. An ga yadda yake sauƙaƙa wa marubuci aiki, da yadda nahawun jawabinsa da hoton da yake rakiyarsa suke mayar da kirdado tabbaci, da yadda iƙirari yake rufe ƙofar kotu. Ba a musun daɗin waɗannan wasanni, ba a kuma musun amfaninsu wajen koya wa mai kallo lura da ƙananan abubuwa da ƙin yarda da amsar farko. Abin da ake cewa shi ne, mafi yawansu suna koyar da shakkar kowa ban da tauraro.

Masu kallo a Nijeriya suna ganin waɗannan wasanni ta tauraron ɗan'adam da intanet, kuma marubutan wasanninmu na harsunan gida ba za su rasa sha'awar aron wannan tauraro ba. Idan za a ara, ya kamata a tuna cewa sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar hana azabtarwa ta 2017 sun sa ƙa'idoji a kan yadda ake karɓar jawabin wanda ake zargi. Wasan da zai nuna gwani yana tsallake waɗannan ana tafa masa, ya san gonar da yake shuka a ciki. Hausa ta riga ta tanadi kalmomin shakka da mai bincike na gari yake buƙata a bakinsa, ta kuma tanadi hukuncin da ya dace da wanda ya yar da su, inda ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Fagen da ya rage ga masu nazari shi ne a ɗauki jawaban warwara na irin waɗannan wasanni, na asali da waɗanda aka fassara zuwa harsunanmu, a ƙirga kalmomin shakka da na tabbaci da suke cikinsu, a ga abin da fassara take ƙarawa da abin da take ragewa.